IN TARIN FUKA YA HAƊU DA CIWON SUKARI

Wannan shi ne bayanin laccar da aka shirya domin 'yan Arewa mazauna biranen Kurmi, musamman mutanen Tudun Wada ta Minna da kewayenta waɗanda neman abinci ya kai Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal. An buga shi duka domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

 

Maganar yau a kan cututtuka biyu take, watau tarin fuka da ciwon sukari. Babu wanda bai taɓa jin sunansu ba, kuma da wuya a sami zuriyar da ɗayansu bai taɓa shiga ba. Abin da bai yaɗu cikin jama'a ba shi ne labarin haɗuwarsu a jikin mutum guda, da irin ɓarnar da na biyun yake yi wa maganin na farkon. Tarin fuka ciwo ne mai hayaniya, kowa a gida da maƙwabta yana jin sa. Ciwon sukari kuwa shiru-shiru ne, yana iya shekaru a jiki mai shi bai sani ba. To, sau da yawa shi wannan mai shirun ne ke sa a sha maganin tari wata shida cur, a ƙarshe a tarar ba a warke ba, ko kuwa a warke ciwon ya dawo, ko ma a rasa rai ana cikin shan magani.

DAGA TUDUN WADA ZUWA KURMI

Minna gari ne na matafiya tun asali. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa, kuma a nan ya haɗu da layin da ya taso daga Ikko. Shi ya tara Gwari da Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo a gari ɗaya tun kafin a ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 a mai da Minna hedkwatarta. Unguwar Tudun Wada, wadda a yau mazaɓu biyu ce a Ƙaramar Hukumar Chanchaga, ta Arewa da ta Kudu, tana cikin unguwannin da ke aika 'ya'yansu Kurmi fatauci da ƙwadago.

A ɗauki misalin wani magidanci, a kira shi Malam Wane, ɗan shekara arba'in da biyar. Iyalinsa suna Tudun Wada, shi kuwa doya yake saye a Paiko ya bi mota ta Bida da Mokwa da Jebba da Ilori har kasuwar Mile 12 a Ikko. A can yana kwana ɗaki ɗaya da mutum shida, taga a rufe saboda sauro da ɓarayi. Karin kumallonsa shayi ne mai kauri da burodi, da rana kuma in zafi ya yi ya sha lemon kwalba biyu. Ya ɗan jima yana yawan jin ƙishirwa, yana tashi fitsari sau uku ko huɗu da dare, amma ya ɗora laifin a kan zafin Ikko.

Sai tari ya kama shi. Mako uku bai tafi ba, ga zazzaɓin yamma, ga zufar dare, ga rama. Ya je asibiti aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan magani kyauta. Malam Wane ba mai wasa da magani ba ne, kullum da asuba yana haɗiyar ƙwayoyinsa. 'Yan ɗakinsu kuma suka tsaya masa da zuma domin tari, da fura mai sukari da madarar gwangwani domin ya mai da jiki. Bayan wata biyu aka sake gwada kakin, sai aka tarar har yanzu ƙwayoyin cutar suna nan. Abokin jinyarsa da suka fara magani rana ɗaya ya yi ƙiba ya koma aiki, shi kuwa wando sai ƙara yi masa yawa yake. Daga nan zance ya fara yawo, wasu suka ce maganin asibiti ne ba shi da kyau, wasu suka ce sammu ne, a mai da shi gida.

Babu sammu a ciki, maganin kuma lafiyarsa lau. Abin da aka rasa shi ne ɗigon jini guda daga ɗan yatsa, wanda da an auna shi ran farko da an ga sukarinsa ya yi sama ƙwarai. Irin Malam Wane suna da yawa a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, da Sabo ta Badun, da Ama Hausa ta Owerri.

YADDA SUKARI KE TSAGA BANGO

Ƙwayar cutar da ke haddasa tarin fuka wani likita Bajamushe ne mai suna Robert Koch ya bayyana ta ga duniya ran 24 ga Maris 1882, shi ya sa har yau ake tunawa da ciwon a wannan rana kowace shekara. A iska take yaɗuwa, in mai ciwon ya yi tari ko atishawa, na kusa da shi ya shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ta, amma biyar zuwa goma ne kawai cikin ɗari daga cikinsu ciwon yake tasar wa a tsawon rayuwarsu. Dalili kuwa shi ne akwai fararen ƙwayoyin jini waɗanda ke aikin tsaron jiki. Su ne ke kewaye ƙwayar cutar a cikin huhu su tsare ta, ta zauna ba ta mutu ba, ba ta kuma iya komai.

Ciwon sukari kuma yana samuwa ne in sinadarin insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi take fitarwa, ya ƙaranta ko ya daina aiki sosai. Insulin shi ne ke buɗe wa sukarin abinci hanya ya fita daga jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In babu shi sai sukarin ya taru a jini, mutum ya ci ya ƙoshi amma jikinsa yana jin yunwa. Jinin da sukari ya yi wa yawa yana kasalar da masu tsaron nan, su yi jinkirin gane ƙwayar cuta, su kuma kasa kashe ta in sun kama ta. Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciwon sukari shi ne tsagar, ƙwayar tarin da ta shekara ashirin a tsare sai ta sami hanya.

Wannan dangantaka ba sabuwa ba ce. Masana tarihin likitanci suna ambaton Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, cikin waɗanda suka fara lura da ita. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, tarin fuka yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciwon sukari a Turai da Amurka. A 2008 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Jeon da Murray, suka tattara bincike 13 da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka tarar cewa mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da tarin fuka kimanin ninki uku.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA GAME DA WARKEWA

Kamuwa dai an ji labarinta. Abin da ya fi shafar mai jinya shi ne yadda maganin zai ƙare. A 2011 an buga wani nazari da ya haɗa sakamakon bincike 33. Ya nuna cewa cikin masu shan maganin tarin fuka, waɗanda ke da ciwon sukari sun fi sauran haɗarin mutuwa kusan ninki biyu. Waɗanda suka gama maganin aka sallame su kuma, haɗarin dawowar ciwon gare su ya kusa ninki huɗu. A garin Mwanza na ƙasar Tanzaniya, wani binciken da aka buga a 2013 ya tarar cewa cikin masu tarin da ba su da ƙanjamau, mai ciwon sukari ya fi sauran haɗarin mutuwa kimanin ninki biyar a kwanaki ɗari na farkon magani. Watau watanni ukun farko su ne mafiya haɗari, su ne kuma daidai lokacin da yawancin mutane ba su riga sun san suna da sukarin ba.

A gida Nijeriya ma an duba. Wani bincike da aka yi a Jihar Ikko kan masu tarin fuka 4,000, aka buga shi a 2015, ya sami ciwon sukari a jikin kimanin 12 cikin kowane ɗari, kuma fiye da rabinsu a wurin gwajin ne suka fara jin labari. Ikkon nan dai ita ce wadda da yawa daga masu sauraro suke kwana suke tashi a cikinta.

In aka dubi yawan masu ciwon sai a ƙara gane girman lamarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya a 2023, miliyan 1.25 suka rasu, kuma kimanin 380,000 daga masu kamuwar ciwon sukari ne ya jawo musu. A wannan shekarar kason Nijeriya ya kusa rabin miliyan, babu ƙasar da ta fi ta a Afirka. Ta ɓangaren sukari kuwa, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka, miliyan 3.6 a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu shi a nahiyar ba a taɓa gwada su an gaya musu ba.

ME YA SA MAGANIN KE YIN RAUNI?

Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne. A wata biyun farko ana shan haɗin magunguna huɗu, watau rifamfisin da isoniyazid da firazinamaid da etambutol. A wata huɗun da suka rage ana shan biyun farko kawai. Ana gwada kaki a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. Ga wanda ciwonsa bai bijire wa magani ba, ya kuma sha bisa ƙa'ida, warkewa ita ce aka saba gani. Amma ciwon sukari yana shiga tsakani ta hanyoyi da dama.

Ta farko, magani ba ya yaƙin shi kaɗai. Yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar ne, masu tsaron jiki su ƙarasa sauran. In su sun yi rauni sai kakin ya daɗe bai tsarkaka ba, mutum ya daɗe yana iya shafa wa iyalinsa, 'yan ƙwayoyin da suka ɓuya kuma su jira a daina magani su sake tashi.

Ta biyu ita ce ta fi ban mamaki, domin maganin tarin ne da kansa ke rage ƙarfin maganin sukari. Rifamfisin, wanda shi ne ke mai da fitsari ja kamar manja, abin da ba shi da wata illa, yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da waɗansu magunguna da sauri. Cikinsu har da gilibenkilamaid da danginsa, waɗanda masu ciwon sukari da yawa suke sha saboda arharsu. Saboda haka mutumin da ya shekara biyar ƙwaya ɗaya tana riƙe masa sukarinsa, da zarar ya fara maganin tari sai ya ga ta daina isa, alhali bai canja komai ba. Metfomin bai cika samun wannan matsala ba, shi ya sa likitoci suka fi son sa ga mai tari in ƙodarsa lafiya take, ko da yake yakan ƙara tashin zuciya a farko. In sukarin ya yi sama ƙwarai akan koma allurar insulin, sau da yawa na ɗan lokaci ne. Akwai kuma abin lura a ƙarshe. In an ƙara wa mutum yawan maganin sukari saboda rifamfisin, to, tilas ne a sake duba shi ran da ya gama maganin tari, in ba haka ba sukarin na iya faɗuwa ƙasa ainun, ya jawo rawar jiki da zufa da jiri, har da suma.

Ta uku, cututtukan biyu da magungunansu suna taruwa a kan gaɓoɓi ɗaya. Ciwon sukari yana lalata jijiyoyin ƙafa, mutum ya riƙa jin zafi kamar ya taka barkono, ko ƙafar ta mutu. Isoniyazid ma yakan yi haka, shi ya sa ake haɗa wa mai sukari da ƙwayar bitamin B6, kuma wanda ba a ba shi ba ya kamata ya tambaya. Ciwon sukari yana taɓa ido, etambutol ma yakan taɓa shi, don haka duk wanda ya ga ganinsa ya dushe ko ya kasa bambanta ja da kore, ya koma asibiti a ranar. In sukari ya riga ya taɓa ƙoda kuwa, sai an gyara yadda ake ba da waɗansu daga cikin magungunan tarin.

Ta huɗu ita ce gajiya. Ga ƙwayoyin tari, ga na sukari, wani ma ga na hawan jini, ga tashin zuciya, ga kuɗin mota zuwa asibiti biyu a ranaku daban-daban. Mutum sai ya ajiye ɗaya. Wanda ya ajiye na sukari ya raunana na tarin, wanda ya ajiye na tarin kuwa ya buɗe ƙofa ga tarin da ba ya jin magani, mai wuyar sha'ani da tsadar jinya.

TARKON ALHERI

Akwai wani tarko da ƙauna ce take ɗana shi. Tarin fuka yana ramar da mutum, ciwon sukari ma yana ramarwa, kuma duka biyun suna kawo kasala. Saboda haka in mai tari yana ramewa babu wanda ke tunanin ciwo na biyu. Uwargida da 'yan'uwa, cikin tausayi, sai su dage da zuma da rake da dabino da lemon kwalba da kunu mai zaƙi. Ga mai tari kaɗai babu laifi. Ga mai tari da sukari kuwa ana ƙara wa wuta itace ne.

Wannan ba ya nufin a hana shi abinci. Mai tarin fuka yana bukatar ci sosai, kuma kuskure ne babba a sa shi yunwa da sunan rage sukari. Abin da ake so shi ne a canja irin abincin. A yawaita wake da ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali, da gyaɗa da nono marar sukari, da ganye irin su zogale da rama da alayyafo da kuka. Tuwo da doya da shinkafa a ci daidai misali, a rarraba su sau uku ko huɗu a yini maimakon a tara su a malmala ɗaya da dare. Shayi a sha ba sukari, lemon kwalba kuma a bar shi. Mai shan taba ya sani hayaƙi yana ƙara wa huhun da ke da rauni rauni, giya kuma tana haɗuwa da magungunan tari su yi wa hanta lahani.

Watan azumi ma yana da nasa hukunci. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya. Mai cututtukan nan biyu, musamman mai allurar insulin ko wanda ke watannin farko na magani, ya nemi shawarar likita da ta malami tun kafin ganin wata, kada ya yanke wa kansa hukunci.

GWAJI BIYU, KATI BIYU

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da Ƙungiyar Yaƙi da Tarin Fuka da Cututtukan Huhu ta Duniya, sun fitar da tsarin haɗa jinyar cututtukan biyu. Gundarin tsarin gajere ne. Duk wanda aka samu da tarin fuka a auna sukarinsa, duk mai ciwon sukari kuma a riƙa tambayarsa labarin tari. A 2015 aka sake jaddada wannan a wani taro a tsibirin Bali na Indunisiya.

Auna sukari aikin minti ɗaya ne. In mutum ya kwana bai ci komai ba aka auna da safe aka ga 126 ko fiye, ko kuwa 7.0 a ɗaya ma'aunin, to, alamar ciwon ce, sai a sake gwadawa a tabbatar. Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarin ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ya kamata a sani cewa zafin tarin fuka da kansa yakan ɗaga sukari na ɗan lokaci, ya sauka in jiki ya yi sauƙi. Don haka wanda aka ga nasa ya hau kada ya firgita, wanda aka ga nasa yana kan iyaka kuma kada ya saki jiki, a maimaita gwajin bayan an yi nisa da magani.

Shi kuma mai ciwon sukari, in tari ya kai mako biyu, ko ya ga zufar dare ko ramar da ba ta da dalili, kada ya tsaya sayen maganin tari a kemis. Ya je a gwada kakinsa. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana gano ƙwayar cutar cikin kimanin awa biyu, ta kuma faɗa ko ta bijire wa rifamfisin. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a wuraren da Shirin Ƙasa na Yaƙi da Tarin Fuka da Kuturta ya amince da su, waɗanda ake kira DOTS, a Kurmi da Arewa baki ɗaya, kuma ba a tambayar mutum jiharsa kafin a ba shi. Akwai lambar waya ta kyauta, 3340, wadda ake bugawa a tambayi wuri mafi kusa. Maganin sukari ne dai galibi mutum ke saye da kuɗinsa, kuma a nan ne talaka ke tuntuɓe.

MATAFIYI DA MAGANINSA

Al'adar ɗan Arewa ce in ciwo ya yi tsanani a Kurmi ya ce a kai shi gida. Babu laifi a cikin wannan, domin jinya a gaban iyali ta fi daɗi. Laifin yana wajen tashi ba sallama. Wanda zai bar Ikko ko Badun yana tsakiyar magani, ya je wurin da yake karɓa ya gaya musu ranar tafiyarsa da garin da za shi. Za su ba shi takardar canjin wuri da ƙwayoyin da za su kai shi. In ya sauka a Tudun Wada, kafin ya zagaya gaishe-gaishe, ya kai takardar Babban Asibitin Minna ko wurin DOTS mafi kusa da gidansa, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ya riƙe katin tari da katin sukari a jaka ɗaya, ya nuna wa kowane likita duka biyun, domin likitan da bai san mutum yana shan rifamfisin ba zai rubuta masa maganin sukari bisa kuskuren lissafi. Mai insulin kuma ya kiyaye ta daga rana da zafin mota, in babu firji a ajiye ta a wuri mai sanyi kamar gindin randa.

Haka kuma wanda ya ji sauƙi a wata na uku ya ce zai koma kasuwa, to, ya koma da takardarsa. Sauƙi ba warkewa ba ne. Mai ciwon sukari ma ko an sallame shi ya kamata ya riƙa sa ido shekara ɗaya zuwa biyu, in tari ya dawo ya koma da wuri. Wani lokaci likita yakan ga ya dace ya tsawaita maganin ya wuce wata shida, kuma wannan hukuncinsa ne shi kaɗai.

Mutanen gida su ma suna da haƙƙi. In mai tari ya dawo, a buɗe tagogi, ya rufe bakinsa in zai yi tari, a kai waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi a duba su. A fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu ƙanjamau, da duk wani tsoho ko tsohuwa mai ciwon sukari a gidan. Babu bukatar a ware masa kwano ko a guje shi, domin ciwon ba ta kwano yake bi ba, kuma haɗarin yaɗuwa yana raguwa sosai in magani ya kama.

KIRA

Kira na farko ga hukumomin lafiya ne, na tarayya da na jihohi. Na'urar auna sukari ba ta kai girman tafin hannu ba. Ya kamata a ce kowane wurin ba da maganin tari yana da ita da kayan aikinta, kuma a ce mai cututtukan biyu yana karɓar magungunansa a ƙofa ɗaya rana ɗaya. Hasara ce a ba mutum maganin wata shida kyauta, sa'an nan a bar shi ya lalace saboda ya kasa sayen ƙwayar sukari.

Kira na biyu ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na direbobi da limaman zango. Su ne uwa da uba ga baƙo a Kurmi, su ake fara gaya wa in wani ya kwanta. In aka zo neman gudummawar kuɗin motar mai da marar lafiya gida, ya dace su tambaya ko an gwada kakinsa, ko an auna sukarinsa, ko yana da takardar canjin wuri. Asusun taimakon da ake tarawa domin ɗaukar gawa zai fi amfani in an taɓa shi tun mai shi yana da rai.

Kira na uku ga shi mai ciwon. Ya buɗe baki ya ce a auna masa sukari, ko da ba a ce masa ba, domin haƙƙinsa ne. Bincike ya nuna cewa masu sukarin da aka shawo kansa sun fi waɗanda nasu ya yi sama samun sauƙi, kuma dubban masu cututtukan nan biyu sun warke daga tarin sarai sun koma sana'arsu. Malam Wane ma, da an auna shi aka gyara masa magani da abinci, da ya gama wata shidansa ya koma lodin doyarsa a Paiko.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya mai da matafiya gidajensu lami lafiya.